Kwatarniyar Mika'ilu da Ƙadangarun Ruwa Uku

Mika'ilu Jalo ya yi shekara ashirin da shida yana wanke kwalabe a ɗakin kimiyya na makarantarmu, kuma a iya sanina kwalba biyu kawai ya taɓa fasawa. Na san adadin ne domin shi da kansa ya tattara fasassun, ya ajiye a kan teburina, ya tsaya yana jiran abin da zan ce. Ni ne malamin ilimin halittu a lokacin. Na zo makarantar a 1974, na tarar da shi ya riga ya shekara huɗu. Ya yi ritaya a 1996, ya koma Miri ya kama noman dawa da gyaɗa, a can kuma ya rasu bara da damina.

Haifaffen Zungur ne. Mahaifinsa manomi, mahaifiyarsa Habibatu maginiyar tukwane ce. Ya yi firamare zuwa aji huɗu, da uban ya rasu aka cire shi aka kawo shi Bauchi wurin ƙanen mahaifinsa, Baffa Yero, wanda yake sayar da hatsi kuma yake da tsohon gidan ƙasa a Gwallaga. A gidan ya girma, a gidan aka yi masa aure da Sauda, aka ba su ɗaki biyu. Ya yi lebura, ya yi masinja, kafin ya samu aikin makaranta. Mutum ne siriri, marar yawan magana, kuma idan aka ba shi umarni sai ya maimaita shi a hankali kafin ya tafi. Abin da zan ba da labari ya faru ne a watan Afrilu na 1979, yana kusan shekara arba'in. A makarantar mishan da na yi an hore mu da rubuta kwanan wata a saman kowace takarda kafin a rubuta komai, shi ya sa har yau littafina na wancan watan yana nan, kuma daga ciki nake ɗauko ranaku da lambobin da za ku gani.

Shugabar sashenmu wata Baturiya ce, Mis Mary. Da ta dawo daga hutu a ƙasarsu a 1977, shekara ɗaya bayan Bauchi ta zama babban birnin jiha, sai ta zo da wasu halittu uku a cikin filas. A lokacin ba mai tambayar abin da ke cikin jakar malama. Sunansu a bakinta niyut, amma ɗalibai suka raɗa musu ƙadangarun ruwa, sunan kuma ya bi su. Kowanne bai fi tsawon ɗan yatsa ba, da ƙafa huɗu da wutsiya mai faɗi, bayansu ruwan ƙasa, cikinsu ruwan lemo da ɗigo-ɗigon baƙi. Maza biyu, mace ɗaya. Ba ƙadangaru ba ne, dangin kwaɗo ne, kuma babu irinsu a ƙasarmu domin zafi yana kashe su.

Ta ajiye su a wani akwatin gilashi a ƙaramin ɗakin ajiyar magunguna, wanda shi kaɗai ne yake da na'urar sanyaya ɗaki a duk makarantar. Kashi biyu na akwatin ruwa ne, kashi ɗaya duwatsu da gansakuka, domin halittun sukan so su fito su huta a tudu. Ta koya wa Mika'ilu dokokinsu, ya haddace su. Ba a zuba musu ruwan famfo saboda maganin da ake sakawa a ciki. Ba a taɓa su sai da jiƙaƙƙen hannu wanda ba sabulu a jikinsa. Ba a barin murfi a buɗe ko na minti ɗaya, domin suna hawan bango. Abincinsu tana, a yanka ƙanana. Babbar dokar kuwa ita ce ta zafi: ruwa ya tsaya kusa da digiri ashirin, idan ya wuce ashirin da shida ya daɗe a haka, to mutuwa ce.

Ranar Laraba, sha ɗaya ga Afrilu, muna cikin hutun Ista, zazzaɓi mai tsanani ya kama Mis Mary, aka sa ta a landirofar makaranta za a kai ta asibiti a Jos. Ina tsaye a bakin motar lokacin da ta sa aka kira Mika'ilu. Hausarta irin ta 'yan mishan ce, kowa da kowa "shi" ne a bakinta. Ta ce masa ba ta da kowa a Bauchi da za ta bar wa su sai shi. Mika'ilu ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu, ya ce, "Na karɓi amana, Mis. Uku kika bari, uku za ki tarar in Allah ya yarda."

Ranar Litinin da safe taransfomar da ke ba makarantar wuta ta ƙone. Aka ce mana gyara sai bayan makonni, ba a ma faɗi nawa ba.

Ƙarfe sha ɗaya Mika'ilu ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ma'aunin zafi a hannunsa. Muka tafi tare. Ɗakin ajiyar rufin kwano ne, bangon bulo, tagarsa ɗaya kuma ba ta buɗewa. Ruwan ya kai ashirin da bakwai. Duka ukun sun fito sun kwanta a kan dutse, maƙogwaronsu yana bugawa da sauri, kuma da Mika'ilu ya sa musu tana ko kallonta ba su yi ba. Ya hau keke ya tafi wajen Wunti wurin Chijioke, wani mai sayar da lemo wanda wutarsu ba ta ɗauke ba, ya samo ƙanƙara. Muka ɗura ta a kwalabe muka toshe muka jefa a ruwan, ya sauko zuwa ashirin da uku, bayan awa ɗaya ya koma inda yake. Sau huɗu ya yi wannan tafiyar a ranar. A ta huɗun Chijioke ya ce masa cikin raha ko gawar sarki yake ajiya, sannan ya gaya masa gaskiya cewa gobe ba zai iya ba da ƙanƙara haka ba, shi ma lemonsa yana bukata.

Na kawo shawarar a aika da su Jos, tunda can da sanyi. Mika'ilu ya girgiza kai. Landirofa tana can ba ta dawo ba, motar haya kuma sai ta cika take tashi, kuma kafin ta kai Toro an gama da su. Ya dubi akwatin, ya ce gilashin ne matsalar, gilashi ba ya gumi. Ya ce innarsa Habibatu takan ce ruwa ba ya sanyi sai tukunya tana zufa, kuma tsohuwar randa ta toshe, sabuwa ce take zufa sosai.

Da la'asar muka shiga kasuwa. Ya yi kusan awa ɗaya a layin masu tukwane, yana ɗaga kowace kwatarniya yana ƙwanƙwasa ta da ƙashin yatsa yana saurare. Wadda aka goge ta yi santsi ya ajiye, wadda ta gasu da yawa ta yi baƙi ya ajiye. Mai kayan ta tambaye shi ko amarya zai yi wa wanka a ciki. Daga ƙarshe ya zaɓi wata ja mai kaushi, faɗin bakinta kamar kamu ɗaya da rabi, zurfinta zuwa gwiwar hannu.

Sauran inda za a ajiye ta. Duk gine-ginen makaranta kwano ne, har da gidana. Wuri ɗaya ya sani mai sanyi a tsakiyar bazara: wani tsohon soro a gidan Baffa Yero, daga shigifa sai shi, katangarsa kauri kamu biyu, rufinsa azara da ƙasa, da ƙaramar taga ta arewa da iska take ratsawa. A nan randunan ruwan sha na gidan suke jere a kan yashi. Ga rijiya kuma a tsakar gida, ba ruwan famfo.

A hanya ya gaya mini abin da yake tsoro. Halittun sun yi kama da tsaka. A gidan Baffa, kamar gidaje da yawa a garin, tsaka ba a barinta da rai, kuma an yi imani idan ta faɗa a ruwa ko ta lashi abinci, wanda ya ci zai kamu da ciwon fata. Na ce ya yi wa Baffa bayani tun farko. Ya ce idan ya yi bayani Baffa ya ce a'a, shi ke nan, ba ya da wani soron.

Muka tarar da Baffa a zaure yana alwala. Dattijo ne mai jiki, ya haura saba'in, muryarsa irin ta wanda ya saba ciniki a cikin hayaniya. Mika'ilu ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce wutar makaranta ta lalace, yana roƙon a bar shi ya ajiye wani abin ruwa na makaranta a soron randa na ɗan lokaci.

"Kifi?" in ji Baffa.

"Kusan haka, Baffa."

Baffa ya ce to, ya ci gaba da wanke ƙafa. Muka wuce ciki.

Aikin shirya kwatarniyar kuwa ban taɓa ganin an yi abu da tsanaki irinsa ba. Ya cika ta da ruwan rijiya ya bar ta ta kwana, da asuba ya zubar, domin ruwan farko yana ɗauke da ɗanɗanon toka. Ya kafa gindinta a cikin jiƙaƙƙen yashi a lungun da ya fi nisa da ƙofa, ya naɗe jikinta da buhu ya jiƙa. Ya wanke yashin rafi sau bakwai har ruwan ya fita fari, ya shimfiɗa a ƙasanta kaurin yatsa biyu. Ya jera duwatsun tsohon akwatin a gefe ɗaya kamar matakala, na ƙarshen ya ɗan fito saman ruwa, ya girgiza kowanne da hannu don kada ya gangaro ya danne su. Ya kifa tsingaro a ƙasa ya zama maɓoya. Ya samo kainuwa biyu daga kududdufi, ya wanke saiwarsu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora a kan ruwan. Sauda ce take jan guga tana miƙo masa, kuma ita kaɗai a gidan ta san abin da za a saka.

Murfi ne ya gagara. Ragar tsohon akwatin mai kusurwa huɗu ce, bakin kwatarniya kuwa zagaye. Ya ce gobe zai kai wa maƙeri ya yi masa zobe ya ɗaura raga, kafin nan sai ya ɗauki babban faifan Sauda ya rufe, ya ɗora dutse a kai. Faifai yana barin iska ta shiga, ni ma na ce ya yi daidai. Dukanmu ba wanda ya tsaya ya duba yadda abin yake a idon wanda bai sani ba: sabuwar tukunya, a gindin randa, an rufe ta da faifai.

Talata da safe, kafin rana ta yi zafi, ya ɗauko su daga makaranta a ƙaramin tulu naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, yana tura keken da hannu don kada su jijjigu. Ruwan kwatarniya ashirin da ɗaya. Da azahar, lokacin da waje yake talatin da tara, ya tsaya a ashirin da uku. Laraba da yamma macen ta karɓi tana. Mika'ilu ya zo har gidana ya gaya mini, ya ma yarda ya zauna ya sha shayi, abin da bai taɓa yi ba. Maƙerin kuwa ya ce a dawo Alhamis.

Alhamis, sha tara ga wata, wajen ƙarfe biyu da rabi, muka nufi Gwallaga tare, shi da zoben ragar a kan keke, ni da gwangwanin tana. Tun daga bakin lungu muka ga mutane a ƙofar gidan. Wata maƙwabciya ta hango mu ta ce ga shi nan, aka dare.

Abin da ya faru, kamar yadda na tattara daga baya, shi ne Baffa ya dawo daga kasuwa da ƙishi, ya ce a ba shi ruwa. Matarsa, Inna Fatu, ta shiga soron ta tarar randunan sun yi ƙasa kuma ruwan ya yi ɗumi. Ta ga sabuwar tukunya tana zufa. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ba ruwan da ya kai na sabuwar tukunya sanyi da ƙamshi, kuma tukunyar da take gindin randa ta kowa ce. Ta ɗauke dutsen, ta ture faifan, ta nitsa moɗa a cikin duhu ta kai masa. Ya shanye, ya yaba, ya ce a ƙaro. Da ta koma sai ta ga abu mai ƙafa huɗu da wutsiya yana hawan bango kusa da bakin tukunyar. Ta cire takalminta ta yi abin da take yi wa tsaka tun tana yarinya. Sannan ta leƙa ciki ta ga wata.

Muka tarar Baffa tsaye a shigifa da taɓarya a hannu. An riga an ɗura masa madara ya amayar, idonsa ya yi ja. Sauda tana durƙushe a ƙofar soron, ta tare hanya da jikinta, kanta a ƙasa. Ta kusa awa ɗaya a haka, tana ba da haƙuri cewa a jira maigidanta. A gefe, a kan wani tsingaro, ga ɗaya daga cikin mazan, cikinsa mai ruwan lemo yana sama.

Mika'ilu ya jingine keken, ya dubi gawar, ya durƙusa kusa da matarsa. Baffa bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce shekara talatin yana ciyar da ɗan ɗan'uwansa, yau ɗan ɗan'uwan ya kiwata tsaka a ruwan shansa. Ya ce abu biyu ne: ko a fasa tukunyar yanzu a kashe abin da ke ciki, ko Mika'ilu ya ɗauki kayan Baturiyarsa ya fitar masa daga gida kafin kiran la'asar.

Na dubi agogo. Uku saura kwata. Bakin titi a lokacin ƙafa ba ta iya taka shi, kuma ba mu da inda za mu kai su. Duka zaɓin biyu abu ɗaya ne.

Na nemi izini na yi magana. Na ce waɗannan ba tsaka ba ne, dangin kwaɗo ne daga ƙasar sanyi, kuma ruwan da ya sha ba zai taɓa fatarsa ba. Baffa ya dube ni sama da ƙasa.

"Kwaɗo mai wutsiya. Malam, wannan shi ne abin da suka zaunar da ku shekara goma suna koya muku?"

Na ce ai 'ya'yan kwaɗo ma da wutsiya suke farawa. Ya ce shi ba 'ya'yan kwaɗo ya gani ba, tsaka ya gani da idonsa, ga ta nan a kwance. Wasu daga zaure suka yi dariya. Tun yana yaro Mika'ilu bai taɓa mayar wa Baffa magana ba, kuma na ga ba zai fara a ranar ba ko da za a kashe su a gabansa.

Sauda ce ta yi magana, ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Baffa, ka yi mini aikin gafara. Kwana biyu ina leƙa su. A ƙasan ruwa suke kwana. Tsaka ta taɓa kwana a ruwa?"

Baffa mutum ne da ya yi shekara hamsin yana auna hatsi, kuma an san shi a kasuwa da cewa ba ya yanke magana sai ya sa hannu a cikin buhu. Ya jingine taɓaryar a bango kusa da shi, ya ce a kawo masa kujera da fitila. Ya ce zai zauna ya gani. Zai ja carbinsa sau uku, idan abin ya zauna a ƙasan ruwa har ya gama kuma bai mutu ba, to ba tsaka ba ce, a bar su. Idan ya taso kafin nan, shi da kansa zai fasa tukunyar. Ya ce ni ma in shigo in zama shaida, don kada in je in ce an zalunci ilimi.

Muka shiga mu biyar: Baffa, Inna Fatu, Mika'ilu, Sauda da ni. Ɗayan namijin ya ɓuya a ƙarƙashin tsingaro, wutsiyarsa kawai ake gani. Macen tana fili a kan yashi. Ita Baffa ya nuna da yatsa.

Na sa ma'auni a ruwan kafin a fara. Ashirin da biyar. Faifai ya daɗe a buɗe, buhun ya bushe tun azahar ba wanda ya jiƙa shi, ga fitila, ga numfashin mutum biyar. Na san abin da wannan yake nufi, Mika'ilu ma ya sani. Halittun nan suna tasowa su shaƙi iska. A ruwa mai sanyi macen takan yi kwata na awa ba ta taso ba, amma idan ruwa ya yi ɗumi da ƙyar take kai minti biyar. Mika'ilu ya roƙi a bar shi ya jiƙa buhun. Baffa ya ce kada wanda ya taɓa komai.

Ya fara. Carbinsa mai ɗari ba ɗaya ne, kuma shi ba mai gaggawa ba ne wajen istigfari. Na auna da agogona: zagayen farko ya ci minti uku da rabi. Sau uku ke nan minti goma da wani abu. Ban taɓa fatan dattijo ya yi sauri a ibadarsa ba sai ranar.

Macen ba ta motsa ba a zagayen farko. Inna Fatu ta ce ai ta mutu, Sauda ta ce a'a Inna, dubi wuyanta. A tsakiyar zagaye na biyu ta ɗaga ƙafar gaba ɗaya, ta ajiye. Ta ɗaga kai. Gumi yana ɗiga daga haɓar Mika'ilu a kan gwiwarsa, bai share ba. Ba a jin komai sai ƙarar 'ya'yan carbi da kukan wata akuya a tsakar gida. Saura kamar ashirin zagaye na biyu ya cika sai ta kaɗa wutsiya ta taso, ta ratsa tsakanin kainuwa, hancinta ya fito saman ruwa daidai gefen dutsen da ke tudu.

"Ga ta nan, Alhaji," in ji Inna Fatu.

Yatsun Baffa suka tsaya. Ya miƙa hannun hagu ya kamo taɓaryar. Mika'ilu ya rufe ido. Ni dai ina kallon ruwan. Ta ɗora ƙafa ɗaya a kan dutsen, ta buɗe baki ta haɗiyi iska, wani ɗan kumfa ya fito. Hanyar fita tana gabanta, faifai a buɗe. Sai ta saki dutsen, ta juya, ta nitse a hankali har ƙasa, ta taka yashin da ƙafafunta kamar mai yawo a tsakar gida, ta shige ƙarƙashin tsingaro kusa da ɗan'uwanta.

Baffa ya daɗe yana kallon wurin da ta shiga, taɓaryar a hannunsa. Sannan ya kwantar da ita a ƙasa, ya ƙarasa zagaye na biyu, ya ja na uku har ƙarshe, ba wanda ya yi motsi. Ya shafa fuska.

"Na sha tsamo tsaka daga ruwa," ya ce. "In ta samu bakin tudu ba ta waiwaye. Wannan da ƙafarta ta koma. A rufe musu."

Mika'ilu ya tashi ya ɗauko zoben ragar ya ɗora, ya zauna daram. Sauda ta fita da gudu ta jawo guga ta jiƙa buhun. Ana cikin haka aka kira la'asar. Baffa ya miƙe, ya kai ƙofa, sai ya juyo.

"Mika, ranar Litinin na tambaye ka kifi ne, me ka ce mini?"

"Na ce kusan haka, Baffa."

"To. Abin Baturiya ya zauna har ta dawo. Amma akushinka ya tsaya a ɗakinka. Ranar da ka mayar mata da kayanta, ka gaya mata yadda aka yi ɗaya ya mutu, har da abin da ka ce mini, ranar ka dawo zaure."

Tun yana ɗan shekara goma Mika'ilu yake cin tuwon dare a zaure tare da Baffa. Kwana talatin da tara ya ci shi kaɗai. A cikin kwanakin nan an kwashe randunan sha an mayar da su rumfa, kuma kowace safiya Inna Fatu takan sa Baffa ya cire riga ta duba bayansa a hasken rana. Ba abin da ya fito sai ƙurajen zafi, waɗanda kowa a Gwallaga yake da su. Mika'ilu yana jiƙa buhun sau biyar a yini, yana canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk kwana uku, kuma littafina ya nuna ruwan bai sake wuce ashirin da huɗu ba.

Mis Mary ta dawo ranar Litinin, ashirin da takwas ga Mayu, bayan ruwan sama na biyu, ta rame har agogonta yana zamewa a hannu. An riga an gyara wuta. Mika'ilu ya kawo kwatarniyar a amalanke da sassafe, muka kama muka shigar da ita ɗakin ajiyar. Ya cire hularsa, ya ajiye wata ƙaramar kwalba a kan tebur. Namijin da ya mutu ne a cikin sifirit, da takarda manne a jiki, ya rubuta kwanan wata da hannunsa. Sannan ya ba ta labarin tun daga taransfoma, bai tsallake komai ba, har maganar kifi. Ta tambaye shi wa ya kashe shi. Ya ce shi ne, domin shi ya rufe tukunya da faifai a gindin randa.

Ta daɗe tana juya kwalbar. Ta ɗaga ragar ta leƙa, ta sa bayan hannunta a jikin buhun, ta karɓi ma'auni ta duba da kanta. Ta ce kada a mayar da su gilashi, a bar su inda suke, wuta za ta sake ɗaukewa. Ta ce masa ya sa hularsa.

Da aka tashi aiki ya roƙe ni in raka shi gida, domin Baffa zai so shaida. Muka tarar da shi a zaure bayan magariba, akushi ɗaya a gabansa bai buɗe ba. Mika'ilu ya durƙusa daga bakin ƙofa. Baffa bai dube shi ba, ni ya duba.

"Malam, ya gaya mata?"

Na ce ya gaya mata.

"Har da maganar kifin?"

Na ce har da ita.

Ya matsa gefe a kan tabarma, ya ɗaga murya ya ce wa Sauda ta miƙo akushin mijinta, ta haɗo da ruwan wanke hannu na mutum uku. Tuwon dawa ne da miyar busasshiyar kuɓewa.